Rasuwar Magnhild, Bindigar Gidan Brenden

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hannu mai ɗinki tara, ni Torfinn Brenden na garin Trysil nake sanar da 'yan'uwa mafarauta rasuwar bindigata Magnhild, ranar Asabar da hantsi, a filin gwajin harbi, tana da shekara sittin da ɗaya a duniya.

Marigayiyar a hannun mahaifina ta tashi, a hannuna ta tsufa. Ta ka da elg, manyan barewar dajinmu, har arba'in da uku, kowanne ya fi bijimi, babu wanda ta sa aka bi sawun jininsa cikin fadama. Ba ta da kwaɗayi. Albarushi iri ɗaya take ci, mai kamawa a hankali, awo ɗaya, shekara ashirin ina ɗura mata da hannuna. In ta yi magana “tum” take cewa, sau ɗaya, sai a ɗauko wuƙaƙe.

Ajalinta ya shigo ta ƙofar ɗakin aikina, sanye da sabuwar hula, sunansa Steinar, mijin ƙanwata Gunvor. Wannan bawan Allah kakar farauta uku kacal ya gani, bai taɓa kashe komai ba sai tayar tirela, amma ya karanta intanet ya zama malami. Ya ari teburina wai zai gwada albarushi iri huɗu, ya gano mana wanda ya fi saiti. Duk mai ɗurin harsashi ya san gwangwani ɗaya ake ajiyewa kan tebur. Shi huɗu ya jera kamar mai sayar da yaji. Da ya gama binciken nasa, sai tsafta ta motsa masa: ya tattara ragowar albarushin ƙaramar bindiga, mai kamawa kamar fetur, ya juye a gwangwanina, ya rufe, ya share tebur, ya sha kofina ya tafi.

Ban sani ba na auna, na ɗura, na tafi gwajin shekara, wanda in ba ka ci shi da bindigarka ba, babu kai babu harbin elg. Ranar ce ta ƙarshe ta gwajin bana. Na kwanta, na saita, na taɓa kunama. Magnhild, da ba ta taɓa ɗaga murya ba, ta ce “ƙarrrau!” Cikinta ya dare kamar itacen girki. Da na dawo daga asibiti na tsare Steinar, ya leƙa gwangwanin ya ce, “Haba Yaya, ai duka baƙi ne.”

Ta rasu ta bar madubin hange mai ido ɗaya, da maɗaurin fata wanda yanzu ba shi da uwa, da kwanson harsashi ɗari biyu marayu, da ni. Ta kuma bar mazaunina na dakon farauta a bakin rafi, inda dabba ke ketarewa, wanda gidanmu ke riƙe da shi tun zamanin mahaifina. Halvard, shugaban ƙungiyar farautarmu, ya zo dubiya, ya ci wainata biyu, sannan ya ce doka doka ce, mazauni sai mai takardar gwaji. Mutum ɗaya ne ya rage marar mazauni. Steinar ne, ya kuwa ci gwajinsa da harsashin kanti, aka ba shi bakin rafi.

Za a kai gawar ofishin 'yan sanda ranar Talata da ƙarfe goma, a soke takardarta, a narkar da ita. Zaman makoki a ɗakin ƙungiya, akwai kofi da tsiran nama. Gunvor na iya zuwa, ita kaɗai. Addu'ar ƙarshe kuwa ranar buɗe farauta ce. Zan sa riga mai ruwan lemo in shiga sahun masu koro dabba, ina tafi ina ihu cikin daji. Na san kowace hanya da elg ke bi a tsaunin nan, kuma na yi wa marigayiya alkawari: bana ko zomo ba zai gifta ta bakin rafi ba.