Ranar da Na Cusa Surukai a Zaure

Ba zan taɓa mantawa da walimar auren Zainabu, 'yar yayana, ba, ko da yake na yi ƙoƙari. A danginmu na unguwar Amriguébé ni ake ba tsarin kowace hidima, domin ba na wasa da oda. Ƙarshen watan Agusta ne, damina ta fara ja da baya.

Saura kwana uku, na ji masana yanayi a rediyo suna cewa manyan guguwowi na tafe bana, kuma daga hadarin da ke haɗuwa a sararin samaniyar yankinmu suke farawa. Nan take na kashe rediyon (a nan kuskuren yake), na ɗauki biro na jera matakai.

Na farko, a soke rumfar da za a kafa a ƙofar gida. Na biyu, a ɗora duwatsu kan kwanon rufi. Na uku, kowa ya zauna a zaure, a rufe taga. Yaya ya ce, "Ka tabbata?" Na ce, "Masana ne suka faɗa."

Ranar walima sama fes, ko gajimare ɗaya babu. Dangin ango, Fulani dillalan shanu daga unguwar Goudji, suka iso cikin manyan riguna. Na jera su a zaure gwiwa da gwiwa. Kafin a kawo shinkafa, zufa ta jiƙa kowa, ni kuwa ina tsaye a bakin ƙofa ina duban gabas.

Alhaji Buba, kawun ango, ya fifita da hularsa ya ce, "Malam, amarya muka zo karɓa, ko gasa mu za a yi?"

Na yi masa bayani dalla-dalla, da lambobina. Ina kan na uku sai Hadiza, yayar amarya, malamar makaranta, ta ajiye tire ta ce a hankali (amma kowa ya ji), "Baffa, wannan guguwar sai ta shiga teku take girma, can Amurka take sauka. Mu nan kogin Shari gare mu."

Alhaji Buba ya ce, "To a kai mu inuwa kafin ta dawo daga Amurka."

Da hannuna na kwashi tabarmi zuwa gindin dalbejiya. An yi aure lafiya, sai dai har yau idan iska ta kaɗa, surukai kan aiko a tambaye ni ko su shiga zaure.

Yanzu tsarina yana da sabon na farko: a bar mai rediyo ya gama magana. Duwatsun kuwa suna nan a kan rufi, don ban sa sauke su a jerin ba.