Bindigar Baba Saje

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na kashe Ɗanlami mahauci ba, duk da cewa har yau yana nan da ransa, jiya ma a wurinsa na sayi hanta.

Ni kafinta ne a Agege cikin Legas, shagona na kwano ne, yana jingine da layin da mahauta ke bi in sun taso daga kwata. Gado da kujera da kabad, su ne aikina. A lokacin ina neman auren Rabi, 'yar Baba Saje, wani tsohon soja da ke gadi a Obalende. Mutum ne da ko gaisuwa ka yi masa sai ya dube ka kamar yana duba ko ka goge takalminka. Ina son Rabi, ina tsoron ubanta, kuma ban san wanne ya fi yawa ba.

Wata safiya sai ga shi a shagona da wani dogon abu naɗe cikin tabarma. Ya warware. Tsohuwar bindigar soja ce, irin mai sakata a gefe wadda ake ja da hannu, katakonta ya yi baƙi da datti da gumin shekaru. Ya ce 'yan mazan jiya za su yi fareti, yana so a gyara masa katakon.

"Ka goge da samfefa mai laushi, ka shafa mai. Kada ka kuskura ka sa mata fenti mai ƙyalli, ba gadon amarya ba ce," in ji shi. Sannan ya kafe ni da ido. "Ka dai san bindiga ko?"

A nan ne ya kamata in ce, "Baba, wallahi ban taɓa riƙe ta ba, da harsashi a ciki?" Amma me bakina ya ce? "Haba Baba, ai kakana mafarauci ne, a cikinsu muka tashi." (Kakana tela ne. Abu mafi haɗari da ya taɓa riƙewa shi ne almakashi.) Baba Saje ya gyaɗa kai ya tafi, ya bar ni da ita.

Tun daga lokacin hankalina bai sake kwanciya ba. A Legas a kama ka da bindigar soja a shago, wa zai tsaya ya saurari labarin fareti? Duk motar da ta rage gudu a titi sai in ce 'yan sanda ne. Na janyo ƙofa saura kaɗan, na kwantar da ita a kan benci, na juya bakinta ga bangon kwanon don kada ya kalle ni. Ban yarda na leƙa cikin bakin nan ba ko sau ɗaya. Ina gogewa ina karanta duk addu'ar da na sani, har da ta shiga kasuwa.

Amma fa aiki ya yi kyau, wannan ba zan ɓoye ba. Da dattin ya fita sai ga katako ja mai zane, ya sha mai ya yi laushi a hannu. Abin da ya rage wani ɗan lungu ne a ƙarƙashin sakatar, tsumma ba ya shiga. Na ce bari in ɗan ɗaga ta. Na ɗaga, na ja baya, na goge, na mayar, ta ce ƙwas. Hannuna mai santsin mai ya zame ya sauka a kan kunamar.

Ƙara ta tashi, daram! Kwanon shago ya girgiza.

Na yar da tsumma na fito a guje na zagaya bayan shago, daidai inda bakin bindigar ke kallo. Ga Ɗanlami kwance a ƙasa, babur ɗinsa a gefe, rigarsa jina-jina, nama warwatse kewaye da shi. Na zube a gwiwa cikin ruwan kwata na ɗora hannu a ka.

"Na kashe shi! Jama'a na kashe Ɗanlami! Wallahi ba da gangan ba ne!"

Kafin ka ce me, layi ya cika. Iya Basira mai sayar da burodi tana ta tambayar me ya faru da Yarbanci, "Kilode? Kilode?" Wani direban keke mai ƙafa uku yana tambayar da me na kashe shi, "Oga, wetin you take kill am?" Na ce da bindiga, ina kuka da majina, ina ba da wasiyya. Na ce a kai wa uwata injin yankan katako, a ce wa Rabi ta yafe mini ta auri wani. Na miƙa hannuwana biyu ga wani mai kakin da na ɗauka ɗan sanda ne. (Mai gadin makarantar yara ne.)

Sai gawa ta tashi zaune, ta ce, "Kai dalla rufe mana baki, ka taya ni tsince naman nan."

Ashe tayar tirela ce ta fashe a wurin mai faci na kusa da ni. Ɗanlami ya firgita ya saki kan babur, jinin kuwa na saniya ne. Amma na riga na ambaci bindiga a gaban jama'a, ido ya fara sauyawa, wasu na cewa a kira hukuma. Tsoro na biyu ya fi na farko, don wannan karon na gaske ne.

Allah ya taimake ni Baba Saje ya zo karɓar kayansa a daidai lokacin. Ya ratsa taron, ya shiga shago ya fito da ita, ya juya bakinta ga mutane. Kowa ya watse, ni na kwanta rub da ciki. Ya ce, "Ku zo ku gani." An toshe bakin da narkakken ƙarfe tun kafin a haife ni, ko allura ba za ta shiga ba. Ta fareti ce kawai. Da na leƙa sau ɗaya, da na gani.

Ya shafa katakon, ya juya shi a rana, ya daɗe yana kallo. Sannan ya dubi wandona, wanda ba ruwan kwata kaɗai ya jiƙa shi ba.

"Aiki ya yi kyau, jikan mafarauci," ya ce. "Ka turo manyanka. Wanda ya ji tsoron bindiga haka ba zai taɓa ɗaga wa 'yata hannu ba."

Na samu Rabi, na kuma samu suna. Yau ko 'ya'yana aka tambaya, sai a ce 'ya'yan Mafarauci. Ni dai na koyi abu ɗaya: duk wanda ya kawo mini aiki yanzu, ko muciya ce, sai na tambaye shi ko da harsashi a ciki.