Yadda Za Ka Samo Wa Garinku Makaranta Da Rufin Ɗakinka

Ɗan'uwa, idan kana so hukuma ta karɓi makarantar garinku, ta riƙa biyan malami, ta aiko da alli da benci, to ka zo inda ya dace. Ni ne Isyaku na Rafin Gora, wanda ake kira Mai Kwano. Daga Ƙarfi har Malumfashi babu wanda bai ji labarin hikimata ba, har akwai masu tsayar da keke su nuna wa 'ya'yansu gidana. Dabarar nan da kaina na gwada ta, kuma ta ci. Ka bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, na yi maka alkawari kafin ruwan farko makarantarku za ta shiga hannun hukuma. Abin da zai biyo bayan ruwan farko kuma, za mu zo kansa.

1. Ka mallaki rufin kwano

In ba ka da shi, ajiye takardar nan ka koma gona, maganar ba taka ba ce.

Ka noma auduga shekara da shekaru ba ka ɗinka sabuwar riga ba. Idan abin da ka tara bai kai ba, ka riƙa yin tagumi a gaban matarka har ta gaji ta sayar da awakinta ta cika maka. Tawa, Hansai, haka ta yi, har da wata jar akuya da take ji da ita. Sai ka tafi Funtua ka sayo kwano, ka shigo da shi gari da rana tsaka, lokacin da majalisa ta cika.

Daga ranar ka zama mutum. A duk Rafin Gora ɗakina kaɗai ke ƙyalli. In ana ruwa, maƙwabta kan shigo wai gaisuwa, alhali ƙarar ruwa a kan kwano suka zo ji. Hansai kuwa ta daina tashi jan tabarma daga wannan kusurwa zuwa waccan. Damina biyu muka yi muna wannan sarauta.

2. Ka ji doka a bakin wanda ya ji a bakin wani

Kada ka kuskura ka tambayi wanda ya karanta ta. Masu karatu suna da son tsawaita magana.

Ni a kasuwar auduga na ji tawa, daga bakin wani direban lori, shi kuma ya ce wani masinja ne ya gaya masa. An yi sabuwar dokar ilimi a Kaduna. Hukuma ba za ta ƙara sa kuɗinta a makarantar da ke rumfar kara ba, sai garin da ya nuna da gaske yake, ya yi gini mai ɗorewa. Direban ya ƙara da cewa garin da ya fi ƙoƙari, shi za a fara aiko wa kwano kyauta. Wannan ƙarin nasa ne, amma shi ya fi zauna mini a kunne.

Mu kuwa muna da aji ɗaya na ƙasa da muka gina da aikin gayya, da jinka a kansa wadda gara ta fara ci, da malami guda, Malam Abdussamad, wanda muke biya da dawa in mun tuna.

3. Ka zama shugaban kwamiti

Wannan ba wuya. Ranar da mai gari ya tara dattawa ya ce ana son wanda zai tsaya wa maganar makaranta, kowa zai sunkuyar da kai yana wasa da ƙasa. Kai sai ka yi gyaran murya. Shi ke nan, an zaɓe ka.

Rashin karatu ba ya hana wannan muƙami. Ni a lokacin ko baƙi ɗaya na boko ban sani ba, kuma babu wanda ya tambaya.

4. Ka saci dabara a wurin mata, amma kada ka shawarce su

Ka lura da yadda suke yi ranar jeren amarya. Wannan ta kawo tasa, waccan ta kawo faranti, a cika ɗaki fal. Dangin ango su zo su gani su yi ta sa albarka. In biki ya watse, kowace ta zo ta ɗauki abinta. Kowa ya san aro ne, ba kuma wanda ke tona wani.

To, ina zaune sai na ce a raina: mai duba makarantu ai dangin ango ne. Zai zo, ya gani, ya tafi. Me zai hana mu yi wa makaranta jere da kwanon ɗakina?

Na kai wa dattawa shawara, suka yi ta jinjina kai. Liman kaɗai ya ce, "Malam Isyaku, ka fa san kayan aro ba ya rufe katara." Na ce masa wannan katara ta yini ɗaya ce.

Matarka kuwa, ka bari sai kafinta ya jingina tsani sannan ta ji. Hansai ta fito da muciya a hannu ta ce, "Malam, lafiya ake hawa mana ɗaki?"

Na ce, "Aro za mu ba gwamnati, na kwana biyu."

Ta ce, "Gwamnati? A ina gidanta yake, in ta riƙe mu je biko?"

Irin wannan tambaya ba a amsa ta. Ka ce mata harkar maza ce, ka yi sauri ka fita.

5. Ka samo kafinta marar zuciya

A nan na ɗan yi sakaci, kai sai ka gyara. Na ɗauko Buba kafinta daga Funtua, na ja shi gefe na ce ya ɗora kwanon sama-sama, ƙusa ɗaya nan, ɗaya can, yadda jibi za mu cire ba wahala.

Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Maigida, ni ban iya aikin wasa ba. Iska ta yaye shi ya sare ɗan wani, a ce Buba ne? In dai na hau, sai na buga mashi ƙusa yadda ta kamata."

Ya kuwa buga. Har ramukan tsofaffin ƙusoshi ya bi ya liƙe da kwalta. Tun da nake ban taɓa jin haushin aiki mai kyau ba sai ranar. Ɗakina kuma muka ɗora masa tsohuwar jinkar makaranta, ta wucin gadi, da gararta da komai.

6. Ranar duba, ka tsaya a sahun gaba

Ka ari babbar riga, tun da yau ranar aro ce. Mai duba makarantu zai iso a kan babur, siriri, da tabarau. Zai zaga ginin, ya ƙwanƙwasa bango, ya ɗaga kai ya daɗe yana kallon sama.

Namu da ya gama sai ya ce, "Madalla da mutanen Rafin Gora. Wa ya yi wannan ƙoƙari?"

Gari duka ya amsa, "Mai Kwano!"

Ɗan'uwa, daɗin wannan lokaci ba ya faɗuwa. Na ji kamar a bar ni a tsaye nan har magariba.

Sai ya matso ya kama hannuna ya ce, "Malam, ka faranta mini rai. Ka san akwai garuruwan da ke aro benci, har da yara, don su rufe mana ido. In muka gano, sai mu soke sunan makarantar, ba ta ƙara ganin taimako. Nan dai ba aro ba ne ko?"

Ga mai gari, ga liman, ga yara sun yi sahu, ga Hansai can bayan darni tana leƙe. A irin wannan wuri namiji amsa ɗaya gare shi. Na dafa ƙirji na ce, "Subhanallahi, ranka ya daɗe! Aro? Fi sabilillahi na bayar."

Kafin in rufe baki liman ya ɗaga hannu ya ce a yi wa bawan Allah addu'a. Har yau ina zargin da gangan ya yi. Aka shafa fatiha a kan kwanona, ni ma na shafa. Da na waiwaya bayan darni, babu kowa.

7. Ka jira hukuncin hukuma da haƙuri

Kada hankalinka ya tashi tukuna. Ai akwai kwanon kyauta da direba ya ce. In ya iso, a ba ka naka, a rufe makaranta da nasu, kowa ya huta. Haka na riƙa gaya wa Hansai kullum. Ita kuwa sai dai ta ajiye mini tuwo ta juya.

Hukuma ta zauna ta yanke. Malam Abdussamad ya karanta mana a ƙofar mai gari. An karɓi makarantar Rafin Gora, za a biya malami, benci na tafe. Aka yi guɗa. Sai ya ci gaba, murya ta ɗan yi ƙasa: kwanon da ke hannun hukuma bana kaɗan ne, saboda haka za a kai shi inda aka yi ginin kirki amma ƙarfi bai kai ga rufi ba. Rafin Gora, tun da Allah ya ba ta mai taimako, ba ta da bukata.

Ka san inda aka kai shi? Ƙauyen su Dogo, Maguzawan da ke ƙetaren rafinmu, waɗanda suka tsaya da bango huɗu babu ko jinka. Lorin ma ta ƙofar gidana ya wuce. Ranar kasuwa na haɗu da Dogo, muka gaisa, na ce masa wace dabara suka yi.

Ya ce, "Dabara kuma? Mutumin ya zo, muka ce mashi ga inda ƙarfinmu ya ƙare. Ya duba sama ya ga rana, ya rubuta." Sai ya yi dariya ya ƙara da cewa, "Amma kai, Mai Kwano, kai ne namiji. Mu ba mu iya irin kyautarka ba."

Ka amsa yabon. Ba ka da abin da ya rage sai shi.

8. Kada ka je karɓowa

Na faɗa maka ne don na gwada. Ruwan farko ya sauka, jinkar nan ta zuba kamar rariya. Garin dawa ya jiƙe, tabarmi suka yi wari, Hansai ta kwana biyu tana tari. Zuciya ta ɗebe ni, na saɓi tsani da hantsi na nufi makaranta.

Ina isa yara suka miƙe tsaye gaba ɗaya suka ce, "Barka da zuwa, Baba Mai Kwano!" Ashe har waƙa malaminsu ya koya musu da sunana. Suka rera mini ita tun daga farko har ƙarshe, ina tsaye da tsani a kafaɗa. A waje ana yayyafi, su kuwa ko ɗigo babu a kan allunansu.

Malam ya ce, "Baba, lafiya da tsani?"

Na ce na zo duba ko akwai inda ke yoyo. Na hau, na duba, babu. Na sauko na saɓi abina na koma gida. In na cire, an soke makaranta, kuma an ce Isyaku ya yi amai ya lashe a gaban fatiha. Kunya ta hana ni, tausayin yaran nan ma ya hana ni, ban san wanne ya fi ƙarfi ba.

9. Ka bi kwanonka inda ya koma

Wannan mataki ba ni na ƙirƙiro shi ba. Ranar da marka ta kankama, na dawo daga gona ban tarar da Hansai a gida ba. Aka ce an ga ta nufi makaranta da tabarma a ka. Na bi ta a fusace. Yara sun tashi, na same ta zaune a kusurwar aji, ta miƙe ƙafa tana kaɗi.

Na ce, "Ke, me kike yi a makarantar gwamnati?"

Ta nuna sama da mazari. Akwai wani falle mai lotsawa a gefe, inda reshe ya taɓa faɗo masa tun yana gidanmu. Ta ce, "Ka gane shi? Shi ne saitin gadonmu. Jar akuyata ce wannan. Ni ban zo wurin gwamnati ba, ƙarƙashin abina na zo."

Na ɗaga kai. Ruwa na dukan kwano da muryar nan da na sani. Wallahi sai na ji idona ya cika. Na nemi gefen tabarmar na zauna.

Malam Abdussamad ya shigo ya gan mu, ya sosa ƙeya ya ce doka ta hana wanda ba ɗalibi ba zama a aji. Hansai ta ce, "To ba mu allon." Ya ba mu.

Tun daga ranar, in hadari ya haɗo kowa na gudu gida, mu muna gudu makaranta. Ita har da rani tana zuwa, yanzu tana karanta wa matan gari wasiƙa. Ni kuwa karatuna na damina ne, in ruwa ya ɗauke sai ya ɗauke tare da shi. Shekara uku ke nan ina kan baƙaƙen farko. Audugar bana ma tsutsa ta ci, saboda haka jinka na nan.

Kashedi

Na cika alkawari, makaranta ta samu, ba wanda zai ce na yi masa ƙarya. Amma duk wanda ya bi matakan nan ya wayi gari yana kwana da ƙwarya a kan ciki yana tarar ruwa, kada ya zo ƙofata. Ba ruwana da tarinsa, ba ruwana da abin da matarsa za ta faɗa masa, ba ni kuma da ɗakin saukar baƙi. Ya kai kukansa wurin direban lori.

Haka nan, in ka ga wata magana a nan da ta zubar mini da girma, ba laifina ba ne. Ni faɗa nake yi, Hansai ke rubutawa, kuma ba ni da hanyar sanin abin da ta sa. Na ce ta rubuta cewa ni mutum ne mai hangen nesa, ta ce ta rubuta.

A nan zan tsaya. Gabas ta yi baƙi, ta riga ta naɗe tabarma, kuma in na makara ita ke zama ƙarƙashin falle mai lotsawa.