Saƙon Ban Ruwa da Ya Tona Mini Asiri

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da kuwa ina son in manta, da wata safiyar Laraba da na tsaya gaban manoma arba'in da 'yan kai a gindin mangwaron bakin kanal, rungume da kwamfutata kamar wani babban injiniya, na danna maɓalli ɗaya na tona wa kaina asiri da hannuna.

Sai na fara da faɗin gaskiya game da kaina. Ni a littattafan soyayya na tashi. Yayata Hajara ce ke karɓo su haya daga Kura, ta ɓoye a ƙarƙashin katifa, ni kuma in bi bayanta in sace in karanta a bayan rumbu. A cikin littattafan nan saurayi ba ya wahalar zance. Wani babban abu yake yi, gari ya ɗauka, uban yarinya ya miƙe cikin jama'a ya ce ya ba shi. Da wannan tunanin na je Kano na shekara guda da rabi ina koyon haɗa manhajar kwamfuta, da shi kuma na dawo ƙauyenmu da ke tsakanin Kura da Bunkure.

Yarinyar da na sa a raina ita ce Sadiya, 'yar autar Malam Isiyaku, shugaban ƙungiyar masu ban ruwa ta yankinmu. Malam mutum ne mai makarantar allo a zaurensa da gonar shinkafa a tsakiyar layin kanal, ba ya yawan magana, kuma ko dariyarsa sai an yi sa'a. Sadiya tana koyarwa a Islamiyya. Abin da ya taɓa haɗa ni da ita bai wuce "ina kwana" da "lafiya lau" ba (amma a cikin kaina mun riga mun yi aure, har na zaɓi launin labulen falo). Na ƙudurta cewa zan yi wa ƙungiyar aikin da zai sa Malam ya gan ni a matsayin cikakken mutum, sannan in turo manyana.

Aikin kuwa yana nan yana jira. Ruwan kanal bi da bi ake sha, kowane manomi da ranarsa da lokacinsa. In an sauya tsari, Bala Sakatare ne ke hawa babur ya bi gida gida yana faɗa. Wani bai same shi ba, wani ya ji ya manta, wani ya ce ba a gaya masa ba. Na ƙarshen kanal su ne kullum a wahale, ruwa ya iso musu kamar an tsiyaye tulu, daga nan sai cacar baki.

Da farko wata ƙasaitacciyar manhaja na zana, ta babbar waya, mai taswirar gonaki da shuɗin ruwa yana gudana a fuskar waya. Har furanni na sa a gefe. Na kai wa Malama Rabi, wadda ta koyar da mu a Kano, ina jiran yabo. Ta duba, ta duba, ta ce, "Ta yi kyau. Wace irin waya ce a aljihun babanka?"

Na ce, "Ƙarama ce, mai tocila."

"To manoman naka fa?"

Ta ce in ajiye furannin, in haɗa ɗan shirin da zai tura gajeren saƙon tes, wanda kowace waya za ta karɓa ko babu data, ko a tsakiyar gona. Raina bai so ba, don a ganina ba a burge uban yarinya da saƙon tes. Amma na san gaskiya ta faɗa, na bi.

Shirin mai sauƙi ne. Akwai jerin sunaye da lambobin waya, akwai kuma rubutun saƙo guda ɗaya mai gurbi a ciki. Kwamfuta ta ɗauki sunan mutum ta sa a gurbinsa, ta sa ranar ruwansa da lokacin, ta tura. Na yi jeri biyu: na gaskiya mai lambobin manoma, da na gwaji mai lambata ni kaɗai. A jerin gwajin, wurin suna, kun san sunan da na rubuta.

A nan ne shaiɗan ya samu ƙofa. Gwaji abu ne mai gundura, ka tura, ka duba, ka gyara, ka sake turawa, sau hamsin a wuni. Sai na ga me zai hana in ɗan sa wa rubutun gishiri, tunda ni kaɗai ke gani. Kullum ina ƙara kalma, ina gyara wata, wayata ta yi ƙara in buɗe in karanta ina murmushi (eh, ni na rubuta, ni na tura wa kaina, ni kuma nake jin daɗi, kada ku tambaye ni). Rubutun gaskiya yana nan na ajiye a gefe, da niyyar in mayar da shi ranar taro.

Ranar taron na sa sabuwar shadda. Aka shimfiɗa tabarmi, Malam Isiyaku ya zauna a tsakiya da carbinsa, Bala Sakatare a damansa. Na yi bayani har da ɗaga hannu. Na buɗe kwamfuta, na sauya jerin gwaji zuwa na gaskiya, na duba lambobin sau biyu, na ji a raina cewa ni mutum ne mai taka-tsantsan. Rubutun saƙon kuwa ko tunawa da shi ban yi ba.

Na ce, "Jama'a, kowa ya riƙe wayarsa." Na danna.

Wayoyi suka ɗauki ƙara a aljihunan riguna, nan da can, kamar kwaɗin fadama. Aka fara "ikon Allah!" Wani ya tafa. Na saci kallon Malam, na ga ya ɗan gyaɗa kai, zuciyata ta cika fal. Sai ya miƙa wa Bala hannu ya ce, "Bala, karanta mana naka kowa ya ji. Ni boko ba ya zama a idona."

Bala ya miƙe, ya gyara murya kamar mai sanarwar ɗaurin aure.

"Ya ke Bala Sakatare, 'yar autar Shugaba, farin watan da ke haska kanal ɗin zuciyata..."

Ya tsaya. Ya kalli wayar, ya kalle ni.

Baba Tanko, wani dattijo mai gona a can ƙarshen kanal, wanda kunnensa ya yi nauyi, ya ce, "Kai Bala, ɗaga murya, ba ma ji a nan!"

Malam ya ce, "Ƙarasa."

Bala ya ƙarasa, yana haɗiye dariya: "...gobe Alhamis ranar ban ruwanki ce, daga hantsi zuwa azahar. Ni kuwa ƙishirwata ba ta da rana, sai ranar da Baba ya ba ni ke."

Daga nan wani ya fashe da dariya, sai kowa ya bi. Masu iya karatu suka shiga karanta wa marasa iyawa, kowa da sunansa a gaban "'yar autar Shugaba". Baba Tanko ya sa aka karanta masa nasa sau biyu, ya riƙe gemu ya ce, "Yau shekarata saba'in, ko uwar 'ya'yana ba ta taɓa ce mini farin wata ba. Allah Ya yi maka albarka, yaro. To amma ruwan nawa ran Asabar ɗin ne da gaske?"

Na ce da gaske ne, da wata murya da ban san ina da ita ba. Ranakun duk daidai suke. Kwamfutar ba ta yi kuskure ko ɗaya ba, abin da na ba ta shi ta kai, kuma ta kai wa kowa.

Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba. Malam ya ja carbinsa ya ce, "A ci gaba da taro." Aka ci gaba, ni dai ban san me aka tattauna ba. Abin da nake tunani shi ne waɗanda ba su zo taron ba, waɗanda yanzu haka matansu da 'ya'yansu ke karanta musu saƙon a tsakar gida. Magana zarar bunu ce.

Bayan la'asar Malam ya aika a kira ni. Na cire takalmi tun daga nesa, na durƙusa a bakin zaure.

Ya ce, "Ɗana, wanda ya fasa kanal ya ja ruwa ba ranarsa ba, me muke yi masa?"

Na ce, "A hana shi ruwa mako guda, Malam."

"Ruwan haram ne?"

"A'a, Malam."

"Hanyar da ya bi ce ba ta dace ba. Kana da manya, ka tsallake su. Ka tsallake ni. Ka sa sunan yarinya a bakin gari." Sannan ya tambaya, "Ita ta san da maganar?"

Na ce ba ta sani ba. Ya daɗe yana kallona, irin kallon da ake yi wa shukar da aka rasa gane ciwonta. Sannan ya ce in fara tura wa jama'a saƙon ban haƙuri, in kuma turo kawuna a nemi izini yadda ake yi. "Amma ni ba na zaɓa wa 'ya'yana. Ita za ta faɗa da bakinta."

Na tura ban haƙurin, layi biyu, babu wata babu tauraro. Kawuna ya je, aka ba ni izinin zance. Na shiga soron gidan da jawabi cike da kaina, na kwana uku ina haddacewa. Sadiya ta fito ta zauna a can gefen tabarma, muka gaisa, kafin in buɗe baki ta riga ni.

"Ka san ɗalibaina sun daina ce mini Malama? Ina shiga aji sai in ji ana raɗa farin wata. Na yi kuka ranar nan, ba don komai ba sai don ban san laifin da na yi ba."

Na ba ta haƙuri. Ta ce ta haƙura. Sannan ta ce, "In tambaye ka mana. Wane darasi nake koyarwa?"

Na ce, "Larabci."

"Lissafi ne. Shekara uku ke nan." Ta gyara mayafinta. "Ba na jin haushinka. Amma wadda kake so ɗin nan ba ni ba ce. Ban san ta ba, ina jin a cikin kanka take zaune. Ka gaya wa mutum arba'in kana sona, ni ko sau ɗaya ba ka tambaye ni abin da nake so ba."

Na yi mata sallama, na fito na bi gefen kanal a ƙafa har gida. Ban sake komawa zance ba, don ta riga ta faɗa da bakinta, kuma ba ta faɗi ƙarya ba.

Ƙungiya ba ta yar da shirin ba, har yau da shi ake sanar da ranar ruwa, Bala ma ya huta da yawon babur. Ni ne dai aikin bai kai inda na aike shi ba.

Abin da na koya ba shi da yawa. Yanzu kafin in rubuta ko layi ɗaya na manhaja, sai na je na zauna da wanda za a yi dominsa, in yi shiru in ji ta bakinsa, ko da abin da zai faɗa zai rushe mini zane. In kuwa gwaji zan yi, sunayen taki da ranakun mako kawai nake rubutawa. Ko an tura wa duk garin bisa kuskure, iyakaci a ce na cika son noma, babu 'yar wanda za ta yi kuka.