Tsinken Auduga a Hanci

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na kai ƙanwata Rabi awon sankarar bakin mahaifa ba. Cutar nan ita ta ɗauke mana Inna, ba a gano ta ba sai da ta ci jiki. Duk da haka Rabi ta rantse babu mai buɗe ta ya duba. Da na ji a asibitin Malanville kowace mace da hannunta take ɗaukar awonta, na yi ta mita har ta hau moto daga Garou.

Mun iso a makare, ungozoma ta gama bayani ta shige ciki. Anka miƙo mana tsinke mai auduga da ƴar kwalba. Ni kuwa albasa nake kaiwa Gaya, lokacin korona an soka mini irin tsinken nan a bakin gadar iyaka har na gaji. (Ban yi lakwal ba, wato boko, amma Allah ya ba ni baki.) Na ce wa Rabi da wasu mata biyu da sunka makara kada su dami kowa da tambaya, su kalle ni kawai.

Na ɗaga kai, na tura shi a hanci, na murza har hawaye. Sunka bi sahu. Ɗaya ta tambayi yadda hanci zai san labarin mahaifa, na ce mata jiki ai duk ɗaya ne.

Muna cikin atishawa ungozoma ta fito. Ba ta yi dariya ba, da ma ta yi. Ta dube ni a natse.

"Hajiya, ƴaƴanki nawa?"

Na ce shida.

"Duk ta nan sunka fito?"

Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige. Rabi ta yi dariya har ta zauna dirshan. Da ta share ido ta karɓi sabon tsinke, ta ce tunda yayarta ta kwashe kunyar duka babu saura, ta wuce bayan labule.

Awonta ya nuna ƙwayar HPV, wadda in ta daɗe take jawo sankara. Ta yarda anka duba ta, anka ƙone ɗan tabon da ya fara. Tana nan lafiya lau tana dasa shinkafarta.

Har yau in na ratsa layin masu albasa sai wata ta yi atishawa. Ina haƙuri. Na dai koyi cewa wanda ya zo a makare kunnensa ake jira, ba bakinsa ba.