Yadda Na Zama Baƙo a Kwamfutar Ofishina

Ƙarfe goma na safiyar Litinin, a ofishin mahautanmu na Trans-Amadi can Kudu, daga ni sai Sarkin Fawa da Garba mai fiɗa. Ni ne sakatare, kuma kwamfutar ofis ba ta karɓar filashin kowa sai na sa lambar sirrina. Tsarina sananne ne: ka wanke hannu, ka yi sallama, sannan ka jira.

Sarkin Fawa ya ce, "Sakatare, kullum sai an aika ɗan okada ya ɗauko ka don mutum zai kwafi waƙa? Ka sassauta mana."

Na buɗe kwamfutar, na ga wurin ba da izinin filashi kaɗai, na raina shi. Na ba kowa cikakken iko irin nawa, na miƙe ina gyara hula.

Washegari dattawa suka taru zan nuna musu hotunan shanun da za a kawo daga Arewa. Kwamfuta ta ƙi filashina, ta ce ba ni da iko. Ashe Garba ya cire ni, wai yana share sunayen da bai gane ba. Ni kuwa sunan da na sa wa kaina a ciki shi ne "Babban Kwamanda".

Na ce ya buɗe mini. Ya ce, "Oga, wanke hannu tukuna."

Na wanke, a gaban dattawa.

Har yau ko banɗaki na nufa sai wani ya ce, "Kwamanda, Garba ya ba ka izini?" Don Allah, wanda ya san yadda ake ƙwato iko ya faɗa mini a asirce, kada maganar ta bi ta kunnen Garba.