Injin Bulon Rukayya

Ba zan taɓa mantawa da daminar da ta zubar da katangun unguwarmu ba, shekarar da siminti ya gagari kowa, tuwo ma sai da dabara.

Ana cikin haka 'yata Rukayya, da ke jami'a a Kano, ta bugo waya tana murna. "Inna, aikina na ƙarshe ya tashi! Na'ura na haɗa, tana gama bulok dubbai kafin ki ƙifta ido."

Ni kuwa mai takardar yaƙi da jahilci (har gilashi na sa mata na rataye), ban tambaya ba, wai kada yarinya ta raina karatuna. Bulok da bulo, ai duk ɗaya ne.

A gidan suna na baza labari. Maƙwabciyata Talatu, wadda awaki ke bi ta katangarta da ta faɗi suna cinye mata shanya, ta ce maigidanta zai sa a kwaɓa ƙasa. Na ce, "Ƙasa kuma? Ku dakata, Rukayya na tafe da inji." Suka dakata. Awaki dai ba su dakata ba.

Ranar da Rukayya ta sauka daga motar Ɗambatta, mijin Talatu har da aro amalanke. Mata sun cika min tsakar gida. Rukayya ta zuge jaka, ta zaro wani ɗan koren allo da bai kai tafin hannuna ba.

"Ina injin?" in ji mijin Talatu.

"Ga shi, Baba."

Da ta gano inda aka kwana, sai ta sunkuyar da kai. Ta ce saƙo ne, irin na tura kuɗi a waya, ake yanka shi gunduwa-gunduwa, a kulle kowace da mabuɗin lambobi don kada ɓarawo ya karanta. Gunduwar ce bulok. Allon nata kuma, maimakon ɗaya bayan ɗaya, da yawa yake kullewa a lokaci guda.

Talatu ta karɓa, ta juya shi gaba da baya. "To Malama, ta wane gefen ake zuba yashin?"

Har mai goyo sai da ta zauna don dariya. (Na so allon nan ya yanka ni, ya kulle, a jefar da mabuɗin.)

Tun ranar, kalmar da ban sani ba, a take nake cewa a maimaita min da Hausa.

Washegari na ɗauki bokiti na shiga gidan Talatu don jido wa masu kwaɓa ƙasa ruwa. Tana ganina ta leƙa waje ta ce, "Ku matsa, ga injin ya iso."